Ranar da Baba Ya Kushe Jikansa

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa. Amma ranar da aka zauna a ƙofar gidanmu a Dagmanet aka yi cinikin ɗan wana kamar ɗan raƙumi, wannan kam ko na tsufa na rikice ba zan manta da ita ba. Har yau in na dawo daga hanya na ajiye kamyo, babbar motar kayana, na wuce gindin dogon yaron nan da muke fada, wato zaman shayi da hira, sai in ji kamar muryar Baba na nan tana tashi.

Wana ya yi aikin kai baƙi yawon cikin hamadar Tenere, a zamanin da Turawa ke cika Agadez har otel ya rasa ɗaki. A cikin baƙin nan ya haɗu da wata 'yar Kanada, aka yi aure, ya bi ta can. Suka haifi ɗa namiji. Mu dai hoto muke gani, yaro na girma cikin rigunan sanyi, fuska kawai a waje. Ana nan sai muka ji wai ya zama ɗan wasa, har ana biyan shi. Muka ce madalla, balo ne? Aka ce a'a, hoke ne, wasan ƙanƙara. Da wana ya aiko bidiyo muka taru a kan portabul ɗaya muna kallo: ƙarti sun ɗaura takalma masu wuƙa a ƙasa, suna sulɓi a kan ƙanƙara, kowa da sandarsa mai lanƙwasa, suna bin wani baƙin abu da bai fi murfin gwangwanin tumatir ba, suna bangazar juna da bango. Mu da ƙanƙara sai ta cikin firigo, ita ma in kuran bai ɗauke ba! Baba ya duba ya duba, ya ce, "Allah ya kyauta. Jikan mai raƙuma ya ƙare a santsi."

Baba dillalin raƙuma ne, tun kafin a haife ni. Mutum ne dogo, marar jiki, mai kaifin baki. A duk tasowata ban taɓa jin ya yabi wani abu nasa ba. Ranar da na sayi kamyona na farko, na kawo shi ƙofar gida ina ta fara'a, zagaya shi ya yi ya buga taya da sanda ya ce, "Wannan gwangwanin ne zai hau duwatsun Tabelot?" Mu da muka tashi a hannunsa mun san wannan ita ce sa albarkarsa, ba ma jiran wata.

A shekarar da nake ba ku labari, yaron ya samu hutu ya ce zai zo ya ga dangin ubansa. Wana bai samu barin aiki ba, sai ya kira ni ya ce, "Amana ce na ba ka." Ƙarshen bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, kowa na duban gabas ko hadari zai taso. Na je gar, tashar mota, na tarbo shi. Da ya sauko daga kar, babbar motar fasinja, sai da na ja da baya. Saurayi ne da bai wuce ashirin da 'yan kai ba, amma ƙirji kamar ƙofar zaure, cinyoyi kuwa ba a magana. Fuskar dai ta wana ce sak. Ya rungume ni ya ce, "Tonton!" wato baffa da Faransanci. Ni da ba na kuka, sai da na juya kai na ce ƙura ce.

Da muka iso gida ya durƙusa gaban Baba yadda ubansa ya koya masa. Baba ya dube shi daga sama har ƙasa, ya matsa kafaɗarsa, ya lallatsa ƙwaurinsa, sannan ya sa yatsa ya ɗaga masa leɓe yadda yake yi wa raƙumi in yana son sanin shekarunsa. Ashe haƙoran gaba biyu na sawa ne, sanda ta fasa na ainihi a wurin wasa. Sai ga su sun motsa. Baba ya ja da baya ya ce, "Subhanallahi! Wannan ne abin da aka aiko mana? Kai abokina, wa ya ci maka haƙora? Ƙafafu kamar turmi, baki babu haƙori, ai an cuce mu." Gidan ya kece da dariya. Yaron ma ya yi murmushi. Da Faransanci muke magana da shi, duk mun ɗauka Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba.

Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. In ya ci tuwo da yawa Baba ya ce zai ƙarar mana da hatsi, in ya ci kaɗan ya ce rago ne. Shi kuwa yaron kullum yana manne da tsohon, ya ɗaukar masa buta, ya shimfiɗa masa tabarma, yana kallon bakinsa kamar mai jiran wani abu. A lokacin ban gane abin da yake jira ba.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, muna fada a gindin dogon yaro. Akwai Baba, akwai wani abokin cinikina ɗan Tabelot da nake ɗaukar wa albasa, akwai wani dattijo mai kawo gishiri daga Teguidda, sai maƙwabcinmu malamin lakwal, makarantar boko, da muke kira mushe kamar kowane malami, wanda tun zuwan yaron ya mai da kansa masanin hoke. Ina kan dafa shayi na fari sai portabul ɗin yaron ya yi ƙara. Ya tashi ya koma jikin bango. Da ya dawo na ga fuskarsa ta canza. Ya zauna kusa da ni ya ce a hankali, "Tonton, ils m'ont échangé." Wato sun yi musaya da shi.

Sai da ya yi mini bayani na gane. A wasan nasu, ekip, wato ƙungiya, tana iya ba da ɗan wasanta ga wata ekip ta karɓi wasu, ba tare da an tambaye shi ba. Ekip ɗin da ta ba da shi kuwa ta garin da aka haife shi ce, wadda tun yana ƙarami yake kwana da rigarta. An tura shi wani gari can ƙarshen ƙasar, inda bai san kowa ba. A madadinsa sun karɓi 'yan wasa biyu, da kuma damar zaɓen yaro ɗaya cikin masu tasowa baɗi.

Na fassara wa fada. Kai jama'a! Ka gaya wa 'yan kasuwar Agadez an yi musaya, ka ce su yi shiru? Ko jaje ba a gama yi ba aka shiga ciniki.

Mai albasa ne ya fara. Ya ce, "Waɗanda suka sake shi sun yi gaggawa. Yaro sabuwar albasa ne. Ka sayar a bakin garka, ka sayar da arha. Ka ajiye ta ta bushe, damina ta shigo, sannan ka ga kuɗi."

Mai gishiri ya girgiza kai. "Kai ma ka san rabin albasar da ake ajiyewa ruɓewa take yi. Mushe, waɗancan biyun da aka karɓa, sun daɗe suna wasan?"

Mushe yana ta latsa portabul. Ya ce ɗaya babba ne, an san hannunsa, ɗayan kuma tsaran yaronmu ne.

"To ka ji," in ji mai gishiri. "Sun karɓi abin da suka sani, sun ba da abin da ake sa rai. Ni a wurina masu sakin sun fi wayo."

"Wane wayo? Babban nan nawa ya rage masa? Shekara biyu gwiwa ta tafi!"

"Yaron fa, wa ya ba ka tabbacin tasa gwiwar?"

Mushe ya ɗaga hannu ya ce, "Bon, ku saurara," ya shiga karanto mana abin da mutanen can ke rubutawa. Wasu na cewa an yi asarar yaro mai gudu da ƙarfin zuciya, wasu na cewa gara da aka rabu da shi tun yana da daraja, don hannunsa bai nuna ba wajen jefawa a raga. Musu ya kaure, har shayin ya tafasa ya zube a gawayi ban lura ba. Mutanen da ba su taɓa taka ƙanƙara ba, wallahi sai ka rantse a cikinta aka yanke musu cibiya. Shi kuwa wanda ake magana a kansa yana zaune a tsakiyarmu, kai a sunkuye, yana wasa da ƙasa.

Mai albasa ya kai ga yabo sosai. Yana nuna yaron yana cewa, "Ku dubi ƙirjin nan! Ku dubi ƙafar nan! Irin wannan a ba da shi a kan mutum biyu? Ko biyar aka bayar an ci riba!" Na ga Baba ya ɗaure fuska, ya gyara zama. Ya yi gyaran murya, kowa ya yi tsit, don in ana maganar ciniki a unguwar nan, tasa ce ta ƙarshe.

Ya ce, "Mutum biyu? A kan wannan? Har da na baɗi? To masu karɓar nan ba su da dillali. Da ni suka tambaya, ko akuya gurguwa ba zan bari su bayar ba. Abu ba haƙora, ga ci, ga nauyin jiki. Waɗanda suka sake shi su je su yi sadaka, Allah ya raba su da kaya."

Aka fashe da dariya, har da ni. Sai yaron ya miƙe. Ya dubi Baba, idonsa ya yi ja, ya buɗe baki da wata Hausa mai karyewa wadda ba mu taɓa jin ta ba, ya ce, "Na ji, Kaka. Tun ranar farko ina ji. Duka na ji." Ya shige gida.

Ashe ubansa da Hausa yake yi masa magana tun yana goye. Mayarwa ce ke ba shi wuya, amma ji kam yana ji. Kalmomin duk ya san su. Abin da bai sani ba shi ne mu.

Bayan magariba na same shi yana cusa kaya a jaka. Ya ce in nemo masa wuri a kar ta jibi. Ya ce wasan ma ya bar shi, ba zai je sabon garin ba. "Garin da aka haife ni sun ce ba sa so na. Na zo garin ubana, kakana ya ce ban kai akuya ba. To me ya rage, Tonton?" Na yi ta rantsuwa cewa wasa ne, wasan kaka da jika, haka ake yi. Ya ce wasa sau ɗaya ne, shi kuwa kullum ne, kuma ko sau ɗaya bai ji tsohon ya faɗi alheri a kansa ba. Tsoro ya kama ni, don Baba ya tsufa, na san in yaron nan ya hau kar da wannan a zuciyarsa, shi ke nan, ba za su sake ganawa ba.

Ni kuma ina da zuciya, kowa ya sani. Na fita na sami Baba a zaure yana jan carbi, na ce, "Baba, ka kashe yaron nan da baki!"

Ya ɗago. "Da baki? Ni da nake tsare shi daga baki? Ba ka ji yadda ɗan Tabelot ɗin nan ke zuba masa yabo a bainar jama'a ba, ko tubarkalla babu? So kake kambun baka ya karya shi?"

"To ka shiga ka gaya masa kana son sa. Kalma ɗaya ce."

"Ban taɓa yabon abin da nake so ba, ba zan fara da furfura ba." Carbin ya tsaya a hannunsa. Can ya ce, "Da gaske kayansa yake haɗawa?" Na ce da gaske. A ranar na fara jin muryar Baba ta yi rauni. Ya ce, "Gobe da safe ka kawo mini shi kasuwa."

Da ƙyar na shawo kan yaron. Na ce ko don hoto ya zo, kada ya bar Agadez bai ga kasuwar raƙuma ba. Muka iske kasuwa ta cika, kukan raƙuma da warin kashinsu, Buzaye sun naɗe fuska da rawani suna tsugune gungu-gungu. Baba na gaba da sandarsa, ko kallonmu bai yi ba. Ya tsaya wurin wani amale fari, ƙato, mai tozo a cike. Ya shiga yabo: kai, wannan raƙumi, wannan wuya, wannan tafiya, sarki kaɗai ya dace da shi! Mai shi ya ɓata fuska. Baba ya yi masa fatan kasuwa ya wuce.

Can gefe akwai wani ɗan raƙumi ja, matashi, dogo, da tabo a ƙirji. Baba ya tsaya. Ya matsa kafaɗarsa, ya lallatsa ƙwaurinsa, ya sa yatsa ya ɗaga masa leɓe. Na ji yaron ya ƙame a kusa da ni. Baba ya tofar da yawu ya ce, "Subhanallahi! Wannan ne abin da ka kawo kasuwa? Ƙafafu kamar turmi. Wa ya ci masa haƙora? Ga ci, ga nauyin jiki. Ko akuya gurguwa ba zan bayar ba." Ya juya ya tafi. Bai yi nisa ba ya dawo ya ƙara wani zagin.

Yaron ya taɓa ni ya ce, "Tonton, me ya sa mai raƙumin ke murmushi? Ana zagin dabbarsa." Na ce ya tambaye shi da kansa. Ya haɗa 'yar Hausarsa ya tambaya. Buzun ya sauke rawani daga bakinsa ya ce, "Samari, kai baƙo ne. Tsohon nan in ya yabi raƙuminka, ka kama hanyar gida, ba ka yi kasuwa ba. In ya fara zagi, to ya gani yana so. Yau tun da ya ɗaga leɓen nan na san na sayar."

Aka tsuguna aka shiga ciniki. Buzun ya ce shi ba kuɗi yake so ba, musaya yake so. Aka ja, aka ja. Daga ƙarshe na ji Baba ya ambaci abin da ya sa na dafe kai. Yana da wata taguwa a wurin danginmu a daji, wadda shekara da shekaru ake nema ya ƙi, ita ce abin da ya rage masa na garken da ya gada. A lokacin tana da ciki. Ya ce, "Na ba ka ita, da abin da ke cikinta." Na ce, "Baba!" Ya ce in rufe masa baki. Suka tafa hannu, Buzun ya ce ya sallama.

Baba ya karɓi akala, ya juyo, ya damƙa ta a hannun jikansa. Ya ce, "Abokina, tun da kana ji, to ji. Ka ga wannan mutumin? Ya saki raƙumi, ya tafi, ba shi ne labari ba. Labari na wurin wanda ya fidda taguwa mai ciki ya bayar. Kai tun jiya masu saki kake kallo. Su waɗancan da suka karɓe ka, me ka ce sun bayar?"

Yaron ya ce, "Mutum biyu. Da zaɓen baɗi."

"Har da abin da ke ciki ke nan." Baba ya gyaɗa kai. "To wawaye ne irina. Ka je musu."

Sannan ya ɗora hannu a kan yaron, ya motsa baki. A hankali ya faɗa, don kada kasuwa ta ji, amma ni ina kusa, na ji. Tubarkalla ya ce. Ni da na haura arba'in a gidansa ban taɓa samun wannan ba, kuma wallahi ban ji kishi ba.

Yaron ya tsaya riƙe da akala, hawaye na zuba, wannan ƙaton a tsakiyar kasuwa. Can ya share fuska, ya matsa jikin ɗan raƙumin, ya sa yatsa ya ɗaga masa leɓe, ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce, "Kaka, haƙora babu kyau. An cuce ka." Baba ya yi dariya har rawaninsa ya warware, sai da na riƙe shi.

Bai hau kar ta jibi ba. Ya zauna har ruwan farko ya sauka, kori, rafin garinmu, ya kawo ruwa, muka je kallo da shi da Baba suna tafe suna zagin juna. Sauran kwanakin nan su ne mafi daɗi da na sani a gidanmu. Ya koma, ya je sabon garin, har yau can yake wasa. A fada kuwa ba a gama musun ba. Mai albasa na cewa lokaci ya gaskata shi, mai gishiri na cewa a jira tukuna, mushe na karanto musu abin da zai ƙara hura wutar. Baba bai ga ƙarshen musun ba. Allah ya karɓi abinsa kafin yaron ya sake samun zuwa. Raƙumin yana nan a daji wurin danginmu, ya zama amale, ba mai hawansa sai an ce na ɗan Kanada ne.

Abin da na ɗauka daga wannan rana, kuma nake gaya wa 'ya'yana, shi ne in an sake ka kada ka ƙare ranka wajen kallon wanda ya saki, ka waiga ka ga wanda ya ba da abin da yake ji da shi don ya same ka. Na kuma gane cewa so irin namu, wanda muke ɓoyewa a cikin kushe, na gida kaɗai ke gane shi. In ɗanka ya tashi a wata ƙasa, sai ka kama hannunsa ka nuna masa, in ba haka ba zai tafi da zagin ya bar son a nan. Saura kaɗan mu yi wannan asarar.

Yaron ya yi aure a can, watannin baya matarsa ta haihu. Ya aiko mini hoton jaririn, ja-wur, an naɗe shi cikin bargo, sunan Baba aka sa masa. A ƙarƙashin hoton akwai saƙon murya. Na ajiye kamyo a gefen hanyar Tabelot na kunna. Da wannan Hausar tasa mai karyewa ya ce, "Tonton, dubi abin da aka aiko mana. Ga ci, ga kuka, haƙori ko ɗaya babu. An cuce mu." Na daɗe a wurin ban iya tayar da mota ba, kuma wannan karon ban ce ƙura ce ba.